Kan Sarki a Takardar Gwaggo

Jikokina suna cewa shara nake gadi. Su yi ta faɗa. Adaka ce ta ƙarfe a ƙarƙashin gadona, cike da tsofaffin takardu da ambulan, kuma babu ɗaya a ciki da tambur ɗinta yake kan ƙa'ida. Sharaɗin shiga adakata ke nan. In tambur ɗinka mai tsabta ne, an manna shi inda ya dace, an buga masa hatimin da ya dace, to kai wa masu jera su cikin littafi, ni ba ni da aiki da shi. Nawa su ne fanɗararru: na wasiƙa a kan takardar bindiga, na haraji a bayan ambulan, wanda aka tsaga biyu da reza don ya yi aiki sau biyu. Mutane suna zaton sha'awa ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Ina! Fushi ne ya fara, sha'awa daga baya ta biyo.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ina saurayi. An koro ni daga lekol, wato makarantar boko ta Dosso, saboda bakina, na dawo Gaya na kafa tebur a gindin wata tsamiya daura da gidan waya. Ina rubuta wa mutane wasiƙa, da takardun roƙo zuwa biro, inda kwamanda yake zama. Masunta, ƴan gishirin Bengou, fatake, matan sojoji, kowa ya zo ya zauna gabana ya faɗi cikinsa, wani da Hausa, wani da Dandanci, ni in juya shi da Faransanci. Sana'ar tana da doka ɗaya da ba a rubuta ba: abin da ka gani a kan tebur, a kan tebur yake mutuwa. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

A ɓangarenmu tambur iri biyu ne. Akwai na gidan waya, wanda ake manna wa wasiƙa. Akwai na haraji, wanda ake saye a biro a manna wa takardar ciniki ko ta izini. Ba sa shiga aikin juna. Amma tsallaka iyaka kaɗan, a Kamba, ƙasar Ingilishi, abu ɗaya ne, kan sarki. Shi za ka manna wa wasiƙa, shi za ka manna wa takardar ciniki ka dangwala yatsa a kai, magana ta ƙare. Mutanenmu kuwa da safe suna nan, da azahar suna can, suruki a can, gona a nan. Wa ya taɓa zaunar da su ya bambance musu? A wurinsu duk ɗan hoto ne mai danƙo wanda Bature yake girmamawa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta goye ni bayan rasuwar uwata. A ƙauyen Bana take zaune. Tana da gona a bakin fadama, giginyoyi a tsaitsaye cikinta. Tana shuka gero a tsakaninsu, tana binne ƙwallon giginya, in ya tsiro ta haƙe muruci ta dafa ta kai kasuwa. Da murucin nan aka ɗinka mini rigar lekol ta farko. Mijinta ne ya sayi gonar daga hannun wani dattijo da ya koma Kamba da zama. Can aka yi cinikin, wani malami ya rubuta da ajami, aka manna kan sarki a ƙasan takardar. Mai sayarwa ya dangwala yatsa a hagu, mijin Gwaggo a dama, kowane yatsa rabinsa a kan tambur, rabinsa a kan takarda. Ya dawo gida yana taƙama wai ya ɗaure gonar da igiyar Bature.

Ba a yi shekaru da yawa ba kwalekwale ya kife da shi a Kwara lokacin cikar ruwa. Aka yi kwana uku ana nema, ba a same shi ba. Ba shi da kabari, bai bar ɗa ba, hoto kuwa wa yake yi a lokacin? Abin da ya rage na jikinsa a duniya shi ne wannan yatsan. Gwaggo ta naɗe takardar cikin tsumma, ta sa a ƙasan kwandon zannuwanta.

Dattijon Kamba ya rasu, malamin da ya yi rubutun ya rasu. Sai ga ɗan dattijon ya dawo Gaya da kamiyo, babbar mota mai jikin katako, yana jigila tsakanin nan da Dosso. Lokacin ana ta gine-gine, kowa neman azara yake yi. Ya bi ta Bana, ya ɗaga kai ya ga giginyoyin Gwaggo miƙaƙƙu, shi ba itace ya gani ba, azara ya gani. Ya aiko cewa ubansa aro ya ba da gonar, ba sayarwa ba, yanzu yana son abinsa. Har ya turo masu gatari suka sassara alama a jikin itatuwan. Gwaggo ta kore su da taɓarya. Da magana ta je gaban hakimi, ya ce tun da akwai takarda, a kai wa masu takarda.

Ni na raka ta biro. Komi, wato magatakardan wurin, ajinmu ɗaya da shi a Dosso. Shi ya gama, ni aka kore ni, kuma bai taɓa bari na manta ba. Ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya duba, ya tuntsire da dariya har da bugun tebur.

"Tsohuwa, wasiƙa za ki aika wa sarkin Ingilishi?"

"Takardar gonata ce, ɗana."

"Wannan ba takarda ba ce. Tambur ɗin na wasiƙa ne, kuma ko na ƙasar nan ma ba shi ba ne. A wurin doka daidai take da ganyen da ake ƙunsa goro."

Ya ce kwamanda yana rangadi, sai bayan mako uku zai dawo, ranar za a yanke magana. Ya miƙo mata takardar yana kallona, ya ƙara da cewa gara ta fara neman inda za ta binne ƙwallonta baɗi.

Muka kama hanyar Bana. Ni kuwa kaina yana ta aiki, irin aikin kan ɗan lekol da bai gama ba. Na ce ai abin mai sauƙi ne. A ɓamɓare kan sarki, a manna na haraji a gurbinsa, a shafa masa ɗan toka ya tsufa, shi ke nan. Ban gaya mata ba, don na san me za ta ce. Washegari da hantsi ta tafi rijiya, na zaro takardar daga kwando, na ɗora buta a wuta, na kara takardar a tururi. Kusurwar tambur ta sama, ta hannun dama, ta fara ɗagowa. Har na fara jin daɗin kaina. Sai na ga tawadar yatsan mijinta ta jiƙe a gefe tana shirin gudu. A nan na gane abin da ko jaki zai gane tun farko: in tambur ya tashi, rabin yatsun biyu ya tafi da shi.

Ban ji shigowarta ba, mari na ji. Gwaggo ba ta taɓa dukana ba ko ina yaro, sai ranar, da gemu a haɓata. Ta fizge takardar ta riƙe a ƙirji, tana hura mata iska.

"Kai ɗan nan! Ruwa ya ci shi sau ɗaya, kai kuma za ka sake ba ruwa shi?"

Wallahi na fi son ta ƙara mini mari goma da wannan magana. Na fita na zauna a gindin giginya har rana ta yi tsaka. Kunya ta kama ni ƙwarai. Amma ni kunyata ba ta daɗewa sai ta juye fushi, haka Allah ya yi ni. Ina zaune sai na tuna abin da idona ya sha gani a tebur ɗina. A shekarun yaƙin Turawa, da jirage suka daina zuwa, tambur na haraji ya ƙare a biro, suka riƙa manna duk abin da hannunsu ya kai gare shi. Na ga takardun izini da tambur na wasiƙa a kai, da sa hannun kwamandojin da suka wuce. Na ce to madalla. In takardar Gwaggo ganye ce, nasu ma ganye ne, sai mu tara musu ganyen su gani.

Na rufe tebur, na ari keke, na shiga ƙauyuka.

Na fara da wani maharbi a Bengou wanda na taɓa rubuta wa takarda. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wata jakar fata kamar ta laya, ya kwance zare ya kai gaɓa bakwai kafin takardar bindigarsa ta bayyana. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, tambur na wasiƙa, da sa hannun Bature a gicciye a kai. Na miƙa hannu, ya ja baya.

"Baba, aro kawai, kwana goma."

"Takardata ba ta kwana a waje, ɗana. Kuma abin da ya shiga biro, ka taɓa ganin ya fito?"

Na yi magiya, na yi rantsuwa, na kawo Faransanci ko zai burge shi. Ya ba ni fura na sha, ya mayar da zarensa gaɓa bakwai.

Haka aka yi ta yi mini ko'ina. Wani masunci a bakin kogi ya nuna mini takardar kwalekwalensa, rabin tambur ne a kai, an tsaga shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗaya rabin yana kan takardar wansa. Su biyu suka tsaya a layi rana ɗaya, guda ɗaya ya rage a biro, aka raba musu. A Zabori wata tsohuwa da ta ji ina tambayar tambur ta zaci tara na zo karɓa, ta shige rumbu ta ce a ce ba ta nan. Sai da na zauna na ci tuwon gidan kafin ta fito da wasiƙar ɗanta daga Yamai. Yaron ya manna na haraji a ambulan, gidan waya ya buga hatimi a kai bai ce komai ba, wasiƙa ta iso lafiya. Ta bari na gani daga nesa, tana riƙe da ita ta kusurwa biyu.

Abu ɗaya aka ba ni kyauta a duk yawon. Wani tsoho ne da ya taɓa aika wa ƙaninsa wasiƙa, ya sayi tambur, ya jefa shi cikin ambulan ya liƙe, wai kada ma'aikata su sace shi a hanya. Aka dawo masa da ita. Har ranar da na je yana jin haushi, yana cewa shi ya biya, kuma ga shaida a ciki. Ba ta da amfani ga shari'armu, amma na karɓa, na yi dariya a karon farko cikin kwanaki. Ita ce ta fara shiga adakata, kuma har yau ban buɗe ta ba. In ka girgiza za ka ji tambur ɗin yana motsi.

Na dawo Bana bayan mako biyu, tayar keke ta fashe, ƙafa ta kumbura, hannu wayam in ban da ambulan ɗin nan. Na gaya wa Gwaggo na ga takardu sun fi ashirin, amma ba wanda ya yarda ya ba ni. Tana ɓare muruci, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni ma da na san halinka da ban bar tawa kusa da kai ba. Wa ya ce maka takarda za ka ɗauko? Masu ita za ka ɗauko."

Ita ta je da kanta. Ta ɗauki ƙwaryar muruci, na ɗora ta a bayan keke inda hanya ta yi kyau, inda yashi ya yi yawa muka taka. Ba ta yi wa kowa bayanin doka ba. Ta gaishe su, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu mijinta ba shi da kabari, gonar nan ce kaɗai inda take zuwa ta same shi. Da yawa suka ce in Allah ya yarda. Ranar shari'a mutum tara suka zo, kuma ban ga laifin sauran ba, don biro ba wurin da mutum yake kai kansa ba ne.

Ranar kasuwar Gaya ce, da hantsi. Kwamanda yana zaune a baranda bayan tebur, bara ya zo, matashi ne, wuyansa ja wur don zafi. Komi yana tsaye gefensa, shi ne tafinta. Ga liman a kan buzu, wanda ake kira in akwai ajami. Ga mai kamiyo cikin farar riga, mabuɗin mota a yatsa yana juya shi. Mutanenmu tara suka jeru a ƙasa, kowa da takardarsa a hannu biyu. Na yi bayanin abin da ya kawo su. Komi ya ce a tattara takardun a kawo tebur. Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa da tsawa. Maharbin Bengou ya dube shi a natse.

"Ai da ido ake karatu, ɗana. Matso ka duba."

Can sai kwamanda ya ture kujera ya tashi. Ya sauko, ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa gaban kowa, don ba wanda ya ɗaga tasa sama da gwiwa. Tun da nake ban taɓa ganin Bature ya sunkuya gaban talaka sau tara a jere ba. Wurin masuncin nan mai rabin tambur har ya ɗan yi murmushi. Zuciyata ta ce mun ci.

Ya koma ya zauna, ya yi magana a taƙaice. Ni na ji tun kafin a fassara. Ya ce waɗannan duk na lokacin yaƙi ne, larura ce, kuma ko ba komai tambur ɗin Faransa ne, daga hannun hukuma ɗaya suka fito. Na tsohuwar nan kuwa na wata ƙasa ne, hukumar nan ba ta san shi ba. Komi ya fassara yana jan kowace kalma kamar mai tsotsar rake. Yawon mako uku ya tashi a banza cikin numfashi ɗaya. Na dubi Gwaggo, ta ƙanƙame takardarta, idonta a ƙasa.

Da mai kamiyo ya yi shiru, da ya tafi da gonar. Wallahi da ya tafi da ita. Amma sai ya gyara hula, ya juyo wurinta da murya mai taushi.

"Inna, ki yi haƙuri, haka Allah ya so. Zan ce a bar miki guda biyar ki riƙa samun na muruci."

Guda biyar! A gonarta! Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban nemi izini ba, ban bi ta tafinta ba, na yi wa kwamanda magana kai tsaye da Faransancin da aka kore ni kafin in gama koya. Na ce a tambayi mutumin nan ina ya sayi motarsa, kuma me ke manne a takardar cinikin. Na sani, don bara ni na rubuta masa takardar neman rajistar motar. A Sakkwato ya saye ta. Kan sarki ne a takardar, irin na Gwaggo sak, sai dai launi. Kuma a ƙarƙashinsa akwai hatimin biron nan, da sa hannun wanda yake zaune a kujerar nan yanzu. Na ce in hukuma ba ta san kan sarki ba, to motar nan da ke tsaye a bakin kasuwa ba ta da mai ita, yanzu zan je in hau in tafi da ita Bana in ɗauko muruci.

Na maimaita da Hausa don kowa ya ji. Wani daga cikin taran ya ce, "Tabɗi!" Mabuɗin ya daina juyawa a yatsan mai kamiyo. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, dubana kawai ya yi.

"A tebur ɗinka na ajiye takardar nan. Amana na ba ka."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Gaskiya ne, ka ba ni."

Kwamanda ya ce a kawo takardun motar. Komi ya shiga ciki ya daɗe kamar wanda ya tafi haƙar rijiya, ya fito da su. Bature ya duba, ya sake dubawa, wuyansa ya ƙara ja. Ba zai ce sa hannunsa banza ne ba, ba kuma zai ce mun yi gaskiya ba. Ya sa liman ya karanta ajamin. Liman ya matso kusa da Gwaggo, don ta ƙi saki, ya karanta a fili, kalmar sayarwa ta fito sau biyu, ta aro ba ta fito ko sau ɗaya ba. Sai kwamanda ya ce takardar tana da gyara. A manna mata tambur na haraji yanzu, matar ta dangwala yatsa a kai, a rufe magana. Mai kamiyo ya kaɗe rigarsa ya sauka daga baranda, bai yi wa kowa sallama ba.

Aka kawo tambur. Gwaggo ta shimfiɗa takardar a tebur, amma hannunta na hagu yana kan gefenta. Komi ya lashi tambur, ya nufi kan sarki da shi kai tsaye, zai rufe shi ruf, da yatsun da komai. Ya san abin da yake yi, don na ga bakinsa. Gwaggo ta kifa tafin hannunta a wurin.

"Ba a kansa ba."

"Tsohuwa, ɗauke hannunki, doka ce."

"Ka manna a hannuna, in doka ce."

Komi ya juya wurin kwamanda, kwamanda ya kaɗa hannu irin na wanda ya gaji, aka manna shi can ƙasa inda babu rubutu. Komi ya turo mata tawada, ya nuna sabon tambur ɗin da bakin alƙalami, ya ce nan. Gwaggo ta danna babban yatsanta a tawada a hankali. Ta dubi takardar. Sai ta kai yatsan sama, kan kusurwar nan da na ɗaga da tururi, wadda take a ɗage tun ranar, ta danne ta da ƙarfi, dab da yatsan mijinta, har gefensu ya haɗu.

"Ba nan ba! Haba, tsohuwa, ba nan ba na ce!"

"Nan ne," in ji Gwaggo. "Gonar tamu ce ni da shi. Kusa da shi zan zauna."

Komi ya ce an ɓata takarda, sai a sake. Kwamanda ya dubi agogo, ya jawo ta, ya buga hatimi, ya sa hannu, ya tashi ya shige ciki. Da Gwaggo ta ɗaga yatsanta na ga kusurwar ta kwanta. Danshin tawada ya tayar da tsohon danƙon, ta liƙe. Sabon tambur ɗin nan na haraji kuwa har yau babu yatsan kowa a kansa.

Washegari da safe gardi biyu, dogaran biro, suka zo gindin tsamiya suka ɗauke tebur ɗina, aka ce kada a sake ganina kusa da gidan waya. Wannan bai dame ni ba, gari cike yake da inuwa. Abin da ya dame ni shi ne na kafa wani tebur a bakin kasuwa, na yi kwanaki ina korar ƙuda. Labari ya bazu cewa tebur ɗina yana yoyo. Wa zai kawo maka sirrin aurensa ko na cinikinsa bayan ya ji ka tona na wani a gaban Bature? Har masu murnar an ci gonar, in wasiƙa ta tashi wurin wani suke kaiwa. Na tattara alƙalumana na koma Bana, na yi damina biyu ina noma a ƙarƙashin giginyoyin nan, saran gatarin mutanen mai kamiyo yana nan a jikinsu, tabo ya warke ya yi baƙi.

Mai kamiyo bai sake amsa gaisuwata ba har ya bar duniya. Ya yi gaskiya a kaina, na ci amanarsa, kuma na roƙi Allah gafara a kan haka ba sau ɗaya ba. Amma kada wani ya zo ya tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Da za a dawo da ranar, abin da zan gyara ɗaya ne, da ban bari Gwaggo ta sunkuyar da kai ba kafin in buɗe baki.

Bayan tafiyar Faransawa aka sake takardu, tsofaffin suka zama ba su da aiki. Sai mutane suka fara kawo mini su, suna cewa ai kai ne mai son irin waɗannan. Masuncin nan da wansa suka kawo nasu rana ɗaya, na haɗa rabi da rabi, suka yi daidai. Ta maharbin Bengou ɗansa ne ya kawo bayan rasuwarsa, da jakar da zaren. Na ce wa takardar, to, yau dai kin kwana a waje. Daga nan abin ya shiga jinina, na riƙa bin magada da masu share ɗakunan tsofaffi, in ga wanda aka shafa wa sabulu don hatimi ya wanku, in ga wanda aka liƙa da ƙaro, in ga kan sarki da hatimin Gaya a goshinsa. Kowanne akwai wanda ya taɓa tsayawa a layi dominsa, an yi masa tsawa, ya koma gida da abinsa.

Ta Gwaggo ita ta ba ni da hannunta, a ciwonta na ƙarshe. Ta sa aka jawo kwando, ta zaro tsumman, ta ɗora mini a cinya. Muryarta ta riga ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

"Riƙe. Kuma kada in ji ka kai ta kusa da buta."

Na yi dariya, hawaye yana zuba, na yi sauri na kawar da fuskata kada ya ɗiga a kai.

Giginyoyin suna nan. Jikokin nan masu cewa shara nake gadi, murucin gonar suke ci har su yi faɗa a kan na ƙarshe. Shekarun baya wani baƙo ya zo har Gaya don ya ji labarin adakata, mai tara tambur ne na gaske, da madubin dubawa da ɗan hantsaki. Na buɗe masa. Ya yi ta jujjuyawa har ya iso ta Gwaggo. Ya kara madubi, ya girgiza kai, ya ce kash, wannan kan sarkin da mai daraja ne, sai dai an ɓata shi da yatsu har uku. Amma kada in damu, in ba shi ya jiƙa shi cikin ruwa, zai rabu da takardar, tawadar ma ta ragu.

Na karɓe ta daga hannunsa na mayar cikin tsummanta. Na sa aka kawo masa ruwan sha, na ce ya shanye, don shi kaɗai ne ruwan da zai samu a gidan nan. Na raka shi har bakin ƙofa.

Takardar tana nan a bushe, su biyu suna gefen juna.